Rahoton Ayyukan Ƙungiya na Shekarar 2003

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai girma Shugaba, iyayen ƙungiya, malamanmu, iyayenmu mata, da sauran 'yan'uwa mazauna Manchester da garuruwan da ke kewaye da ita, ga bayanin abin da aka yi da abin da ba a samu yi ba daga Janairu zuwa Disamba na 2003. Lissafin kuɗi dalla-dalla yana cikin takardar Ma'aji, za a raba ta ranar babban taro bayan Babbar Sallah. Ina roƙon kowa ya karanta wannan rahoto kafin ranar, domin akwai maganganun da ake yi a bayan idon kwamiti, kuma gara a ji amsarsu daga bakinmu.

Tarukan wata-wata an yi su, in ban da na Afrilu da na Agusta da mutane ba su cika adadin yanke shawara ba. An yi walimar Ƙaramar Sallah kamar yadda aka saba, an je barka da dubiya duk inda aka sanar da mu.

Yadda shekarar ta zo mana

Ba sai na tuna wa kowa watan Janairu ba. Ranar 14 ga wata, a nan Crumpsall, aka kashe ɗan sanda Stephen Oake da wuƙa a lokacin wani samame, Allah ya ba iyalansa haƙuri. Kafin nan an kama mutane a Landan bisa zargin haɗa guba, ranar 20 kuma 'yan sanda suka dira masallacin Finsbury Park cikin dare. Daga nan wasu jaridu suka sa baƙi da masu neman mafaka a gaba, kullum da irin kanun da za su buga. Matanmu masu hijabi su suka fi jin jiki a tashar bas da cikin kantuna. 'Yan'uwa masu tuƙin tasi da dare sun sha maganganu daga fasinjoji, sun haɗiye saboda neman abinci. A makon Babbar Sallah kuma sai ga sojoji da motocin sulke a filin jirgin Heathrow, daidai lokacin da wasunmu ke shirin zuwa taryen alhazansu.

Cikin wannan hali aka kira taron gaggawa a farkon Fabrairu, a kan ko ƙungiya za ta shiga zanga-zangar Landan ta adawa da yaƙin Iraƙi da sunanta. Tun da na karɓi littafin sakatare ban rubuta bayanin taro mai zafin wannan ba. Wasu sun ce don zumunci aka kafa mu, siyasar ƙasar mutane ba tamu ba ce. Ɗalibanmu sun ji tsoron kada hotonsu ya fito, ya dawo ya same su ranar sabunta biza. Wani babanmu ya tashi ya tuna mana da harin iskar guba da Saddam ya kai garin Halabja a 1988, da shekara 8 na yaƙi da Iran, da mamaye Kuwaiti a 1990, ya ce shi ƙafarsa ba za ta taka titi ba don wani abu da zai yi kama da kare Saddam Husaini. Wata uwarmu daga cikin 'yan'uwanmu na Gana, wadda ɗanta ya shiga sojan ƙasar nan, kuka ya hana ta ƙarasa maganarta. Duk waɗannan maganganu ne masu nauyi, kuma na rubuta su yadda aka faɗe su.

Abin da ya karkato da mutane da yawa shi ne batun Nijar. Tun cikin Satumban 2002 gwamnatin Tony Blair ta ce Iraƙi ta nemi yuraniyam mai yawa daga Afirka. Cikin Disamba ma'aikatar harkokin wajen Amurka ta kama sunan Nijar ƙiri-ƙiri, sannan ranar 28 ga Janairu Shugaba Bush ya maimaita zargin a gaban majalisarsu. 'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram da Tawa suka ce to yanzu magana ta shigo ɗaki. Ɗaya daga cikinsu, wanda ya yi aiki a Arlit inda ake haƙar yuraniyam, ya yi mana bayanin yadda haƙar take ƙarƙashin idon kamfanin Faransa, da yadda ake lissafa kowace ganga kafin ta kama hanyar Kwatano. Ya tambaye mu ta ina tan 500 da ake zargi zai bi ba wanda ya gani. Aka kaɗa ƙuri'a, masu cewa a je suka yi rinjaye, bisa sharaɗi uku: ba a tilasta wa kowa, ba hoton wani shugaba a ƙyallenmu, ba ƙona tutar kowa.

Ranar 15 ga Fabrairu

A kan wannan rana zan tsaya in daɗe, domin ita ce aiki mafi girma da ƙungiyar nan ta taɓa yi.

Tun kafin assalatu mutane suka hallara wurin da motar safa ke jira, ga sanyin da ke shiga ƙashi. Iyayenmu mata sun kwana suna aiki. Kwana uku ko huɗu ke nan da layya, don haka soyayyen nama da dambu suka cika robobi, ga kunun gyaɗa da shayi a fulas-fulas, ga ƙosai da zafinsa. Matasa sun kwana fentin ƙyalle a garejin Mataimakin Shugaba, Hausa a sama, Turanci a ƙasa, cewa ba mu yarda da yaƙi ba. Mutanen da muka shekara ba mu sa su a ido ba sai ga su da 'ya'yansu a hannu. Kujeru suka ƙare, wasu suka bi motocin da gamayyar Stop the War ta tanada daga cikin gari, wasu suka bi jirgin ƙasa. Malam ya yi addu'ar tafiya, muka kama hanya.

Tun a babbar hanya muka gane abin ya wuce yadda muka zata. Duk wurin hutawar da muka tsaya cike yake da motocin safa daga Liverpool, Leeds, Bradford da garuruwan da ban taɓa jin sunansu ba, kowa da kwalinsa. Mu da muka fito daga arewa an tara mu a titin Gower, mutanen Landan da kudu kuma suka taso daga bakin kogi, a Embankment, aka haɗe a Piccadilly aka nufi Hyde Park. Tafiyar da a ranar da ba cunkoso ba za ta ɗauki sa'a guda ba, mun yi wuni muna yin ta. Taku biyu, tsayuwa, taku biyu. 'Yan sanda sun ce mutum 750,000 ne suka fito, masu shiryawa sun ce sun kai miliyan 2. Ko wanne aka ɗauka, an yarda cewa ƙasar nan ba ta taɓa ganin zanga-zanga irin wannan ba. A rana guda kuma aka cika titunan Rum da Madrid da Barcelona da Berlin da New York. Blair kansa yana Glasgow wurin taron jam'iyyarsa, can ma jama'a suka fito.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne irin mutanen. Mun tafi da zaton za mu tarar da Musulmi da ɗalibai da 'yan ƙwadago. Mun tarar da su, tun da CND masu adawa da makaman nukiliya da ƙungiyar Musulmi ta MAB suna cikin masu shirya abin. Amma mafi yawa Turawa ne 'yan gida, tsofaffi da sandunansu, mata da jarirai a keke, limaman coci, tsofaffin sojoji da lambobinsu a ƙirji. Da yawa sun gaya mana tun da aka haife su ba su taɓa fitowa zanga-zanga ba. Suna ta tambayar wane harshe ne a ƙyallenmu, daga wace ƙasa muke. Da suka ji akwai 'yan Nijar a cikinmu sai a kewaye mu ana son jin gaskiyar maganar yuraniyam. Ɗan'uwanmu na Arlit ya yi bayani har muryarsa ta dishe.

Lokacin salla ya same mu a hanya. Muka rasa inda za mu shimfiɗa ko da jarida, sai wasu mutane daga wata coci a Yorkshire suka ja da baya suka yi mana fili a gefen titi, suka riƙe mana ƙyalle da jakunkuna har muka sallame. Hajiya Shugabar Mata ta buɗe robar nama ta bi su ɗaya bayan ɗaya. Wata ɗaya kacal kafin nan 'yarta ta dawo daga makaranta tana kuka saboda abin da aka faɗa mata a bas. A mota da muna dawowa yarinyar nan ita ce ta fi kowa surutu.

Mafi yawanmu ba mu isa Hyde Park ba sai da jawabai suka kusa ƙarewa. Waɗanda suka riga mu sun ji Tony Benn, da Charles Kennedy shugaban Liberal Democrats, da Ken Livingstone magajin garin Landan, da Jesse Jackson da ya zo daga Amurka. Babu wanda aka kama a cikinmu, babu wanda ya ji ciwo, babu yaron da ya ɓata, alhamdu lillahi. Kwamiti na miƙa godiya ta musamman ga matasan da suka sa riguna masu ƙyalli suka riƙa ƙirga mutane a kowace tsayawa, da 'yar'uwarmu nas da ta kula da masu hawan jini da masu ciwon suga, da direban da ya yi haƙurin jiranmu har dare. Ita kuwa uwarmu mai ɗa soja, da ita aka je, ita ce ma ta riƙe gefe ɗaya na ƙyallen daga Piccadilly har ƙarshe. Mun iso gida bayan tsakar dare.

Abin da ya biyo baya

Na san abin da wasu ke cewa: to me aka fasa? Ranar 17 ga Maris minista Robin Cook ya ajiye muƙaminsa saboda adawa da yaƙin, ranar 18 majalisa ta amince da yaƙi da ƙuri'a 412 a kan 149, duk da 'yan Leba 139 sun bijire wa shugabansu Blair. Ranar 20 bama-bamai suka fara sauka a Bagadaza. Ƙasar nan ta tura sojoji wajen 45,000. Gaskiya ne ba mu hana yaƙi ba. Amma ni ban yarda cewa mun yi asarar fita ba. Ranar 7 ga Maris Muhammad ElBaradei, shugaban hukumar makamashin nukiliya ta duniya, ya shaida wa Kwamitin Sulhu cewa takardun cinikin Nijar na jabu ne. Ɗaya daga cikinsu ma tana ɗauke da sa hannun ministan da ya bar kujerar fiye da shekara 10 kafin kwanan watan da ke jikinta. Cikin Yuli tsohon jakada Joseph Wilson, wanda aka aika Yamai ya bincika, ya fito ya ce bai ga hujja ba, fadar Amurka kuma ta yarda cewa bai kamata maganar ta shiga jawabin Bush ba. Gwamnatin nan har yau tana cewa tana da wasu bayanan daban, amma ba ta nuna su ba. An kama Saddam ranar 13 ga Disamba, makaman ƙare dangin da aka tafi nema kuwa har zuwa rubuta wannan rahoto ba a gan su ba. Kowa yana jiran rahoton alƙali Hutton a kan mutuwar masanin makamai Dakta David Kelly a ƙarshen wannan wata.

Kwamiti ya rubuta wa 'yan majalisar mazaɓunmu wasiƙa a kan ɓata sunan Nijar. An so kowane magidanci ya sa hannu. Waɗanda suka sa ba su cika shafi ɗaya ba, haka muka aika. Zanga-zangar 20 ga Nuwamba, lokacin da Bush ya kawo ziyara, ba mu ɗauki mota ba. Ranar Alhamis ce, ranar aiki, ga goman ƙarshe na Ramadan, ga aljihun ƙungiya a bushe. Matasa kaɗan suka je da kuɗinsu. A ranar ce kuma aka tayar da bam a ofishin jakadancin Birtaniya da ke Istanbul, abin da muka yi tir da shi a wurin tarawi a daren.

Maganar kuɗin mota da asusun jana'iza

Nan ne gunaguni ya fi yawa, don haka zan faɗi komai a fili.

Kamfanin motar ya ce sai an biya duka kafin ya riƙe mana ita, domin a makon nan motar safa ta yi wuya a duk arewacin Ingila. Asusun yau da kullum ba shi da abin da zai biya, saboda kuɗin wata na 2002 ma ba a gama kawowa ba. Kwamiti ya zauna, Shugaba da Ma'aji da iyayen ƙungiya biyu suna nan, aka yarda a ara daga asusun jana'iza, a mayar da zarar kowa ya biya kuɗin kujerarsa. Yana rubuce a littafi da sa hannu, duk mai so ya zo ya duba. Babu wani mutum ɗaya da ya ɗauki kuɗi a kan ra'ayin kansa.

Abin da ya faru shi ne mutane sun hau mota, sun ci sun sha, sun ɗauki hoto, sun ce "zan kawo ranar taro", kuma har yau wasu ba su kawo ba. Wata 11 ke nan. Da Allah ya yi wa ɗan'uwanmu rasuwa da kaka, Allah ya jiƙansa ya sa ya huta, asusun bai iya ɗaukar kuɗin kabari da na mota da sauran hidima ba. Ni da Ma'aji muka riƙa bin gidaje cikin dare muna roƙo, gawa tana jira a asibiti. An rufa masa asiri, an yi masa sutura yadda ta kamata, amma iyalinsa sun ji abin da bai kamata su ji ba a ranar makoki. Abin da ya fi ciwo shi ne cikin masu cewa kwamiti ya yi wasa da kuɗin mamata akwai waɗanda sunansu ke cikin jerin masu bashin kujera. Da kowa ya biya a makon da muka dawo, da asusun ya cika tun Fabrairu.

Gudummawar marayun Iraƙi ma haka. An yi alkawura masu daɗin ji a taron Mayu. Abin da ya shigo hannu bai kai rabin abin da aka ambata ba. Mun miƙa shi ta hannun wata ƙungiyar agaji mai rajista, rasit yana wurin Ma'aji.

Ayyukan da suka tsaya

Ajin Hausa da karatu na ranar Asabar ya tsaya tun Yuni. Malaman ba su gaza ba, sa kai suke yi, kuma sun riƙa zuwa ko da yara biyu ne a ɗakin. Da yaƙi ya fara iyaye suka daina kawo yara, wasu don tsoro, wasu don sun manne wa talabijin. Masu zauren ba su daina lissafin haya ba. Da bashin ya taru sai suka ba wa wasu ranarmu. Ba za mu iya neman wani wuri ba sai mun biya wancan, domin duk inda ka je sai sun nemi shaida daga inda ka baro.

Rajistar ƙungiya a matsayin ta agaji ita ma tana nan inda muka bar ta. An gama tsarin mulki, an cika takardu. Abin da ya rage shi ne amintattu da za su ba da cikakken suna da adireshi, da kuma rajistar membobi ta gaskiya. Duk wanda muka tuntuɓa sai ya ce a bari ƙura ta lafa, ba ya son sunansa a takardar wata ƙungiya mai Musulmi a wannan zamani. Na fahimci tsoron, ni ma ina da iyali, kuma na san dokar 2001 da ake tsare baƙi da ita a kurkukun Belmarsh ba tare da shari'a ba. Amma 'yan'uwa, mu me muke ɓoyewa? Suna muke zuwa, jana'iza muke yi, yara muke koya wa gaisuwa. Zanga-zangar da muka je halattacciya ce, 'yan sanda ne suka tare mana hanya muka wuce. Ƙungiyar da ba ta da rajista, ba ta da lissafi a fili, ita ce ake yi wa kallon zargi. Kuma muddin ba mu yi rajista ba, tallafin da hukumar gari ke ba ƙananan ƙungiyoyi irin tamu sai dai mu ji labari. Taron wayar da kai da aka shirya da lauya, a kan haƙƙin mutum idan 'yan sanda suka tsayar da shi ko aka tare shi a filin jirgi, an ɗage shi saboda ba kuɗin zaure. A ganina shi ne abin da muka fi bukata a bana.

Ga waɗanda ba ma gani

Mutanen da suka biya kuɗin wata cikakke a 2003 ba su kai kashi ɗaya cikin uku ba, kuma su ne dai na bara, su ne na bara waccan. Su ke share zaure, su ke dafa abinci, su ke zuwa asibiti. Sauran sai ranar da aka haihu, ko takarda ta ƙare, ko aka rasa wurin kwana, sai wayata ta yi ƙara. Ba mu taɓa mayar da kowa ba, kuma ba za mu fara ba. Amma ni da Ma'aji muna da aiki da iyali kamar kowa, kuɗin waya da man mota daga aljihunmu suke fita, kuma mun gaji da aika saƙon da ba a amsawa. Wanda ba shi da hali ya faɗa wa Shugaba a asirce, tsarin mulki ya ba da damar a ɗauke masa, babu wanda zai ji. Wanda yake da hali kuwa ya ji tsoron Allah. Mun ga yawanmu ranar 15 ga Fabrairu, don haka kada a ƙara cewa mu 'yan kaɗan ne.

Abin da kwamiti zai gabatar ranar babban taro shi ne a mayar da kuɗin asusun jana'iza kafin a taɓa kowane aiki, a kuma raba asusun da na yau da kullum a banki ta yadda ba za a sake ara daga ciki ba. Za a nemi mutum uku su miƙa kansu a matsayin amintattu a ranar. Duk tafiyar da za a ƙara shiryawa, sai wanda ya biya zai hau. Masu bashin kujera suna da daga yau zuwa jajiberin Sallah su ga Ma'aji, bayan haka za a karanta sunaye a zaure, kamar yadda taron Disamba ya amince. Wa'adin Sakatare da na Ma'aji ya cika, za a yi zaɓe, kuma muna fatan a samu sababbin fuskoki.

Allah ya kawo wa mutanen Iraƙi sauƙi, ya dawo wa uwarmu da ɗanta lafiya, ya jiƙan waɗanda suka riga mu.

Wassalam.

Sakatare,
a madadin Kwamitin Zartarwa
Janairu, 2004